Kawu na Bron da Gunkin Tagulla

Na Allah ne mu duka, kuma gare Shi komawa take. A farkon sanyin bana Ya karɓi ran Kawu, yayan mahaifiyata, a wani asibiti na birnin Lyon. A can aka yi masa sutura, a ɓangaren Musulmi na maƙabarta. Zaman makoki kuwa a gidanmu na Stains, a gefen Paris, aka yi shi, don a nan dangi suke.

Mutane sun zo, ba laifi. Wani Alhaji ɗan Chadi, mai shagon atamfa a Paris, ya shafa fatiha, sannan ya matso kusa da Baba ya rage murya.

"Malam, wai wanne ne ya rasu? Ba mushen nan ba ne mai ajiye gumaka?"

Mushe shi ne abin da mutanenmu na Nijar ke ce wa malamin makarantar boko. Baba ya ce, "Shi ne. Allah Ya gafarta masa."

"Amin, amin. Tooo... Allah dai Ya sa ya cika da imani."

Yadda ya ja wannan "to" ɗin har yanzu yana kunnena. A ɗakin mata ma haka. Wata Hajiya 'yar Marwa ta Kamaru ta tambaya ko an fitar da abubuwan daga ɗakinsa kafin a wanke shi, don mala'iku ba sa shiga inda suke. Aka ce mata a asibiti ya cika. Ta ce, "To alhamdu lillahi, Allah Ya rufa asiri." Inna na zaune kusa da ita, kanta a sunkuye. Ni ma na sunkuyar da nawa.

Da la'asar sai ga limamin masallacin unguwarsu Kawu ya iso daga Lyon, shi da wasu dattawa biyu. Ba wanda ya gayyace su, su suka nemi gidan da kansu. Liman ya ce, "Mun yi rashi. Sahun farko, can gefen dama kusa da na'urar ɗumama ɗaki, wurinsa ne. Ko dusar ƙanƙara ake yi za ka tarar ya riga ka." Alhajin nan ya shiga jan carbinsa da sauri. Baba ya tashi ya ce zai duba ko an kawo ruwa, alhali ruwa na gabansa.

Tsoron da nake ji shi ne nan da 'yan shekaru a ce abin da ya rage na Kawu a bakin mutane shi ne "mai gumakan nan". Shi ya sa na zauna na rubuta abin da na sani.

Daga Damagaram ya zo, yana saurayi, da bursun gwamnati, wato tallafin karatu, don ya karanto aikin injiniya ya koma ya gina hanyoyi. Wata rana ruwa ya kama shi a Paris, ya shige wani gidan tarihi na kayan ƙasashen Asiya don ya fake. A nan ya ci karo da wani mutum-mutumin tagulla, mai hannu huɗu, yana rawa a kan ƙafa ɗaya cikin da'irar harshen wuta. Ya ce da farko a'uziyya ya yi, ya juya zai fita. Ya kai ƙofa ya tarar ruwa bai ɗauke ba, sai ya dawo. "Da na dawo kuwa," in ji shi, "ban sake fita ba har yau." Ya bar injiniya ya koma karatun tarihin zane da sassaƙa a Lyon, ya maida hankali kan na Indiya. Bursu ya tsaya. Kakanmu ya aiko masa cewa an tura shi ɗebo ruwa ya tsaya kallon 'yan bori. Daga baya ya samu aikin koyar da tarihi a wata makarantar sakandare, ya zauna a Bron, a gefen Lyon, har ƙarshen ransa. Ya yi aure sau ɗaya, bai ɗore ba, Allah kuma bai ba shi haihuwa ba.

Dogo ne, siriri, mai tafiya da hannu a baya. Kullum da kwat mai ruwan ƙasa da hular Damagaram a ka, ko kunya ba ya ji. In zai yi magana sai ya fara gyara tabarau da ɗan yatsa. Gaisuwarsa ba ta ƙarewa: ya gida, ya sanyi, ya gajiya, ya ƙafar Inna, ya maƙwabtanku 'yan Mali masu jaririn nan mai kuka.

Ina 'yar firamare ya zo mana hutu, ya ce wa Inna zai kai ni yawo. Gidan tarihin nan ya kai ni. Na tuna na riƙe hannunsa gam, don idanun duwatsu ta ko'ina. Ya tsayar da ni gaban wani allon dutse da aka sassaƙa mutane a kai, sun durƙusa kewaye da wata kujera.

"Wa ke kan kujerar?"

Na ce, "Ba kowa, Kawu."

"Madalla. Duba ƙasa."

Sawun ƙafa biyu ne. Ya ce mabiyan Buda na farko sun daɗe ƙwarai ba sa sassaƙa surar malaminsu. Sai su sa kujera ba kowa, ko itacen da ya zauna ƙarƙashinsa, ko sawunsa. Sai daga baya aka soma yi masa fuska. "Kin ga, su ma sun taɓa jin nauyin da muke ji. Tambaya ɗaya ce ke damun 'yan Adam: abin da ka girmama, ka zana shi ko ka bar wurinsa fili? Mu an ba mu amsa, mun kuma gode Allah. Amma ki san cewa wasu ma sun kwana da tambayar."

Ban gane rabin maganar ba. Mai rawan ne ya tafi da hankalina. Kawu ya nuna mini ƙaramar ganga a hannu ɗaya, ya ce a wurin Hindu da ita aka kaɗa duniya ta fara. Wutar da ke ɗaya hannun kuma da ita za ta ƙare. Tafin da ya ɗaga yana cewa kada ka ji tsoro, ɗan wadan da ya taka kuwa jahilci ne. Ya ce sunansa Shiba. Ya ce da kakin zuma ake fara ƙera shi, a lulluɓe da yumɓu, a narkar da kakin, a zuba tagulla a gurbinsa. "Daidai yadda maƙeran Agadas ke zuba sarƙar azurfar da ke wuyan uwarki."

Muna dawowa gida, ana cin tuwo, na miƙe na ɗaga ƙafa ɗaya, na ware hannuwa, na ce, "Baba, duba, ni ce Shiba!"

Baba ya ajiye lomar da ke hannunsa. Bai dube ni ba, Kawu ya duba.

"Wurin tsafi ka kai mini ɗiya?"

"Gidan tarihi na kai ta, Malam. Ido ba ya sujada. Goshi ke sujada, ka kuwa san inda nawa ke sauka."

"Kai ka ɓata, za ka ɓata mini zuri'a. Uwa ɗaya uba ɗaya kuke da matata, ba zan zage ka ba. Amma ƙafarka kada ta sake taka gidan nan."

Kawu ya dubi Inna. Inna ta dubi kwanon miya. Ya wanke hannunsa, ya sa takalmi, ya shafa kaina ya ce, "Ƙafar hagu ake ɗagawa, ba ta dama ba." Ya fita.

Ban ce Baba mugu ne ba. Mutum ne da ya yi renon 'ya'ya a ƙasar da kullum yake ganin za ta ƙwace masa su, ya kuma ji tsoro. Amma maganar ta zauna. Tun daga ranar Kawu bai sake shiga gidanmu ba, Inna kuma ba ta taɓa shiga nasa ba. In ya zo Paris sai su haɗu a wani gidan shan kofi kusa da tashar jirgi. Ta kai masa kilishi da yaji a leda, su yi gaisuwa mai tsawo, su rabu.

Na san shi sosai ne da na samu jami'a a Bron. Ɗakin ɗalibai nake kwana, amma kowace Lahadi sai na hau tiram, ɗan jirgin ƙasan cikin gari, in sauka ƙofarsa. Gidan ɗaki biyu ne, littattafai har saman firji. A bango akwai hotunan zanen kogunan dutse na Ajanta a Indiya, da ƙananan zane-zanen fadar sarakunan Musulmi na Indiya, masu dawakai da lambuna. A kan kanta kuma ga ɗan ƙaramin mai rawan nan na tagulla, bai fi tsawon kamu ɗaya ba, wanda ya saya a kasuwar gwanjo. Gumakan da ake ta faɗa ke nan. Guda ɗaya ne.

In lokacin salla ya yi, sai ya ɗauki wani farin ƙyalle ya rufe shi, ya shimfiɗa darduma ya ba shi baya. Na taɓa tambayarsa, in dai yana ganin ba komai, me ya sa yake rufewa. Ya ce, "Ban ce ba komai ba. Malamai sun yi magana a kan sura, ni kuma ban fi su ba. Wataƙila in amsa tambaya a kansa gobe kiyama. Amma in an tambaye ni ko na bauta masa, wannan kam ba zan yi in'ina ba."

Yakan dafa shayi irin na gida, zagaye uku, ya yi ta magana. A wurinsa na ji cewa a Indiya da wuya ka samu tsohon zane ko sassaƙa da ba daga ibada ya tsiro ba. Masu zanen kogo don sufayen Buda suka yi, maƙeran tagulla don ɗakin bauta, har rawar da muke gani a finafinai tushenta can ne. Wata rana na zo da fim ɗin Indiya a waya, irin wanda Inna da ƙawayenta ke kashe yini suna kallo. Ya tsayar da shi daidai inda jarumar ta lanƙwasa yatsu, ya buɗe littafi ya nuna mini hannu iri ɗaya sak a jikin bangon wani ɗakin bauta. Ya yi dariya har da tari. "Matan Stains sun fi ni kallon gumaka, su dai nasu suna waƙa ne."

Abin da ya fi so shi ne hoton wata tagar dutse ta wani masallaci a Gujarat ta Indiya. An huda dutsen an fitar da itace mai rassa kamar saƙar lesi, haske na ratsawa. Ya ce jikokin masu sassaƙa ɗakunan bauta ne suka yi wa Musulmi irin wannan aiki. An ce musu ban da fuska, ban da sura, sai suka zuba duk gwanintarsu a ganye da reshe. "Hannu ba ya manta gidan da aka koya masa sana'a," in ji shi, "ko da zuciya ta sauya alƙibla."

Ina shekarar ƙarshe a jami'a aka kwantar da Baba a wani asibiti na Paris, aka yi masa aikin zuciya. Da na gaya wa Kawu, kwat ɗinsa kawai ya ɗauka. Jirgi ɗaya muka hau. Da muka isa na shiga ɗakin, shi kuwa ya zauna kan benci a baranda ya fito da Alƙur'aninsa na aljihu. Inna ta fito ta ce, "Yaya, ka shigo mana." Ya ce, "A'a. Mara lafiya ba a tayar masa da rai. Gidansa ya hana ni, bai hana ni barandar gwamnati ba." Kullum sai ya zo ya zauna a wurin yana karatu har aka sallami Baba, sannan ya koma Lyon. Na so in gaya wa Baba, Kawu ya hana. Baba bai ji labarin ba sai a wurin zaman makokin nan, daga bakin Inna. Da ya ji ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, bai fito ba sai da aka kira magariba.

Da Kawu ya ajiye aiki ya tafi Indiya, sau ɗaya tak a rayuwarsa. Ya so mu tafi tare, lokacin kuwa na fara aiki a wani kantin magani a La Courneuve, hutu bai samu ba. Ya dawo ya rame, ya yi baƙi, yana murna kamar yaro. Ya ga wani ɗakin bauta da aka sassaƙa daga dutse guda, daga sama zuwa ƙasa. "Ba gini suka yi ba, ɗiyata, cirewa suka yi ta yi har gidan ya fito. Wanda ya fara sara a sama ya san ba zai ga ƙofar ba." Ya kuma yi sallar azahar a masallacin nan mai tagar itace. Ya ce a nan ya yi wa Kakanmu addu'a, ya roƙa masa gafara, ya roƙa wa kansa.

Duk wannan a waya ya ba ni labari, guntu-guntu, don a shekarun nan na baya wayarmu ta gajarce. Ya fara, "Ya gida, ya sanyi, ya..." sai in ce, "Lafiya lau, Kawu, ina cikin jirgin metro, zan kira ka." Wani lokaci in kira, wani lokaci mako ya shige. Yayana ma haka, Inna ma haka. Ba wanda ya yi faɗa da shi. Kowa dai ya ɗauka akwai gobe. Ko da muryarsa ta soma shaƙewa, ya ce mura ce, muka yarda, don yardar ta fi mana sauƙi.

Bayan an watse daga makoki, masu gidan haya suka ce a kwashe kayansa. Baba ya ce yayana ya je ya zuba komai a shara ban da Alƙur'ani da tufafi. Ya faɗa ne a hankali, ba da zafin da ba. Inna ta ce, "Ni zan je." Muka tafi ni da ita.

Ta daɗe tsaye a bakin ƙofa kafin ta yi bisimilla ta shiga. Ta bi hotunan bango da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ta taɓa butar shayinsa, ta taɓa dardumar da wurin goshi ya ƙoƙe. Ta ɗaga farin ƙyallen nan, ta dubi abin da ke ƙasa.

"Wannan ne?" ta ce. "Ɗan wannan?"

Sai aka ƙwanƙwasa. Wata dattijuwa ce, gajera, baƙa kamarmu, da jan ɗigo a goshi. Maƙwabciyarsa ce ta ƙofar da ke kallon tasa, 'yar Indiya daga Pondichéry. Bayan na bar Bron ta tare, shi ya sa ban san ta ba. Faransancin Inna na kasuwa ne, don haka ni na yi musu tafinta.

Daga bakinta muka ji cewa ciwon huhu ne, kuma ya daɗe yana cinsa. Ita ke raka shi asibiti, ita ke dafa masa abinci, ta ware tukunya daban saboda shi. Da azumi takan buga masa bango don ya tashi sahur. Ta sha roƙonsa ya bari ta kira mu, sai ya ce muna da aiki, kada a ɗaga mana hankali. Ta ce a kwanakin ƙarshe ba abin da yake marmari sai zogale. Su ma suna cinsa a ƙasarsu, sai ta samo ganyen a shagon 'yan garinsu. Amma ya ce da wani abu na gyaɗa ake kwaɗa shi, ita kuwa ba ta san shi ba, sai ta sa man gyaɗa na kwalba.

"Ƙuli-ƙuli," in ji Inna, da Hausa, ba tare da ta jira ni ba. "Akwai shi a gidana. Cike da gwangwani."

Matar ta ga inda idon Inna ke komawa, sai ta nuna mai rawan. Ta ce kada mu damu da wannan. A wurinsu ido ake yi wa gunki a ƙarshe, da biki da addu'o'i, kafin nan ƙarfe ne kawai. Wannan na 'yan yawon buɗe ido ne, ba a taɓa buɗe masa ido ba. Ta ce Kawu da kansa ya gaya mata haka tun ranar da ta fara ganinsa, har ta yi mamakin inda ya sani. Na fassara. Na ɗauka Inna za ta ji sanyi, sai na ga fuskarta ta ƙara yamutsewa.

"Ni ce yau ake kawo wa shaida a kan Yaya," ta ce. "Nono ɗaya muka sha."

Littattafan mun ba makarantar da ya koyar. Mai rawan kuwa matar ta ce ba za ta karɓa ba, na dangi ne. Inna ba ta ce a jefar ba, ba ta ce a ɗauka ba. Na naɗe shi na sa a jaka. Yana gidana yanzu cikin kwali, ban san yadda zan yi da shi ba, ban kuma gaya wa Baba ba.

Da za mu tafi, matar ta rako mu baranda. Na lura da wani farin shafe-shafe da ya dushe a ƙasa, a bakin ƙofarta da kuma bakin ta Kawu. Na tambaye ta. Ta ce zane ne da matan ƙasarsu ke yi kowace safiya da garin shinkafa, don maraba da alheri, tururuwa kuma su samu abin ci. Kawu ya roƙe ta ta riƙa yi masa shi ma. Yakan ce duk zanen Indiya ba wanda ya kai wannan, don an yi shi ne a taka a wuce. Mai kula da bene ya yi ta ƙorafi har ya gaji. Amma tun da ya rasu ba ta sake yi ba, ko a tata ƙofar, don ba a yin sa a gidan da aka yi mutuwa.

Inna ta ce in gaya mata ai ba a gidanta aka yi mutuwar ba.

Matar ta ce, cikin jin nauyi, ita dai tun zuwanta Kawu bai taɓa kiran ta da sunanta ba. Ƙanwata yake ce mata.

Ban so in fassara ba. Amma Inna ta ji, wannan kalma ba ta fi ƙarfin Faransancinta ba. Ta zauna a kan matakala, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Matar ta tsorata, ta shiga ba da haƙuri, tana cewa ba ta yi nufin ɓata mata rai ba. Inna ta miƙa hannu ta kamo nata ta riƙe.

"Gaya mata ta riƙe sunan," ta ce mini. "Ita ta yi masa aiki."

Ya Allah, Kai ne Ka san inda goshinsa ya sauka. Ka yafe masa abin da ya kuskure, Ka yalwata masa makwanci, Ka haskaka shi. Baiwar nan taKa da ta tsaya masa, Ka saka mata da mafificin alheri. Mu kuma da muka bar gaisuwarsa a rabi, Ka yafe mana, Ka sa shi ma ya yafe.